Hanyar Yamai zuwa Damagaram: tarihi na zubewa a bakin titi

Ranar 3 ga watan Satumban 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Ginin ƙasa ne da aka yi tun tsakiyar ƙarni na 19. Ya ga zamanin Sarki Tanimu, ya ga shigowar Faransawa, yana nan tsaye aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka mayar da shi Yamai a 1926. Hotunan rugujewarsa sun zaga WhatsApp da Facebook, jama'a suka yi salati da jimami, bayan ƴan kwanaki hankali ya koma wani wuri. Ba za a ga laifin kowa ba a kan haka, domin daminar wannan shekara ta ci rayukan mutum fiye da 300 a faɗin Nijar, ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Sai dai ginin da ya shekara sama da 170 yana shan ruwa, ba rana ɗaya yake faɗuwa ba. Tsagewa ke fara fitowa, indararo ya toshe, gindin bango ya jiƙe, a rasa wanda nauyin gyaran ke wuyansa.

Wannan masallaci ɗaya ne daga cikin jerin wuraren tarihi da ke kan titi guda. Duk wanda ya shiga motar safa daga Yamai da asuba ya nufi Damagaram, zai yi tafiyar kusan kilomita 900 a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Abin da yawancin matafiya ke tunawa game da ita shi ne ramuka, shingen jami'an tsaro, albasar Galmi da kilishin Madawa. Alhali kuwa titin yana ratsa fadoji, tsoffin birane masu ganuwa da ƙauyukan gindin dutse waɗanda a wata ƙasar da tuni an haɗa su wuri guda, an raɗa wa hanyar suna, ana cin abinci da ita.

Zangon farko shi ne Dosso, mai nisan kusan kilomita 140 daga Yamai, inda fadar Zarmakoy take tun 1904. Daga nan titin ya shiga ƙasar Arewa, inda dutsen da ya ba Dogon Dutsi sunansa ke tsaye a saman gari. A arewacinsa akwai Matankari, tsohuwar mazaunin Sarkin Arewa, sannan akwai Lugu, ƙauyen da ke maƙale a gindin duwatsu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Yaran makaranta sun san sunanta, wasu sun karanta littafin da Abdoulaye Mamani ya rubuta a kanta a 1980, wasu sun ga fim ɗin Med Hondo wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Kaɗan ne daga cikinsu za su iya nuna ta inda ake ratsewa a je Lugu.

Gaba kaɗan sai Birnin Ƙonni, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida cewa gari ne mai ganuwa. A watan Mayun 1899 rundunar nan ta afka masa, ta yi kisan da har yau jikoki ke ba da labarinsa. A Tsarnawa hanya ta rabu: wadda ta yi arewa ta bi ta Adar zuwa Tawa da Agadas. A wannan yanki ne ƙauyen Yama yake, inda magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, ginin da ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. Wanda ya miƙe gabas kuwa zai iske Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, sannan Maraɗi, wadda sarakunan Katsina suka mayar cibiyarsu bayan jihadi, kuma wadda ambaliyar gulbi ta 1945 ta tilasta mata tashi daga kwari ta hau tudu. Bayan Tasawa akwai Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, bayan da sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su a watan Yulin 1899. Dab da Damagaram akwai Tirmini, fagen da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da Faransawa a ƙarshen wannan watan. Ƙarshen tafiyar shi ne Birni kansa: lunguna tsakanin manyan duwatsu, gidaje masu zankwaye da zane a fuskar zaure, fadar sarki da dogarawanta, da ragowar ganuwar da Tanimu ya kewaye garin da ita.

Wato a cikin tafiyar yini ɗaya mutum zai bi ta tarihin Zabarmawa, Arawa, Ƙonnawa, Adarawa, Gobirawa, Katsinawa da Damagarawa, ya kuma bi sawun ɗaya daga cikin munanan ta'asar da mulkin mallaka ya tafka a Afirka ta Yamma. Amma mai tafiyar ba shi da taswira guda da ta haɗa masa waɗannan wurare, kuma mafi yawan mararrabobin zai wuce su ba tare da wani abu ya tsayar da idonsa ba.

Hukuma ta san darajar wuraren. Tun 1997 Nijar ke da dokar kare kayan tarihi da al'adun ƙasa. A 2006 ƙasar ta miƙa wa UNESCO jerin wuraren da take fatan a amince da su cikin kayan tarihin duniya, kuma a ciki akwai fadar Zarmakoy, akwai Lugu, akwai masallatan ƙasa na jihar Tawa, akwai Birnin Damagaram da fadarsa. Daga cikin tsoffin biranen, Agadas ce kaɗai ta tsallake, a 2013, da hasumiyarta mai tsawon mita 27. Sauran suna nan a jerin jira kusan shekara ashirin, kuma kowace damina tana rage abin da za a nuna in an tashi.

Ra'ayin da wannan sharhi ke karewa shi ne a ɗauki titin Yamai zuwa Damagaram, tare da reshensa na Tawa da Agadas, a matsayin hanyar tarihi guda ɗaya mai suna, mai kasafi, mai wanda za a tambaya in bango ya faɗi. A tsara ta domin ƴan ƙasa tukuna, kuma kuɗin da za a kashe ya fara shiga hannun magina da mazauna unguwannin kafin ya je ga masu taro a otal.

Ƙasashen da a yau ake sha'awar hanyoyinsu na tsoffin fadoji da ƙauyukan kan tudu, su ma zama suka yi suka tsara. A Jamus, shekara biyar kacal bayan ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ƙasa na cikin kango, garuruwan kudu suka haɗa kai a 1950 suka ƙirƙiro hanyar da ta tashi daga Würzburg zuwa Füssen, sama da kilomita 400, tana bi ta garuruwa masu ganuwa irin su Rothenburg har zuwa fadar Neuschwanstein. Garuruwan daɗaɗɗu ne, sunan hanyar da allunanta ne sababbi. A Faransa, wani magajin garin ƙauye, Charles Ceyrac na Collonges-la-Rouge, shi ya kafa ƙungiyar ƙauyuka mafi kyau na ƙasar a 1982, saboda ya ga matasa na gudu birni, gidaje na rushewa. Sharaɗin shiga a bayyane yake: kada mazauna su wuce 2,000, kuma ƙauyen ya mallaki aƙalla wurare biyu da doka ta kare. Yau ƙauyuka fiye da 170 ke cikinta. Hatta birnin Carcassonne mai ganuwa biyu, wanda ya shiga jerin UNESCO a 1997, a tsakiyar ƙarni na 19 saura ƙiris a bar ganuwarsa ta zama wurin ɗibar duwatsun gini, sai da wasu ƴan garin da masana suka tashi tsaye aka fasa.

Wani zai ce waɗannan gine-ginen dutse ne, na Nijar kuwa na ƙasa. Amsar tana Maroko, inda hanyar da ta bi ta Warzazat ke cike da ƙauyuka masu katanga na jar ƙasa, mafi shahara a cikinsu Ait Ben Haddu, wanda ke jikin tudu kuma ya shiga jerin UNESCO tun 1987. Amsar tana kuma Jenne ta Mali, inda duk shekara gari ke fitowa kwansa da kwarkwata a yaɓe babban masallaci, maza na kwaɓa ƙasa, mata na ɗebo ruwa, magina na kan katakon da aka bari a jikin bango domin wannan aikin. Ginin ƙasa yana daɗewa matuƙar ana taɓa shi kowace shekara.

Waɗannan misalai suna ɗauke da gargaɗi ma. A ƙauyukan kan tudu na kudancin Faransa irin su Gordes, farashin gida ya fi ƙarfin ƴan asali, gidaje da yawa sun koma hannun masu kuɗin da ke zuwa hutu kawai, da sanyi ya shigo sai a ga ƙofofi a rufe. A Ait Ben Haddu yawancin iyalai sun ƙaura zuwa sabon gari a tsallaken rafi, tsohon ya zama wurin ɗaukar fim da sayar da tsaraba. Birnin Damagaram ya fi su da abu ɗaya: har yanzu akwai mutane a ciki, ana ɗaurin aure a zaurukansa, ana karatun allo, ana hawan salla daga ƙofar fada. Duk tsarin da zai kori waɗannan mutane don a samu wurin ɗaukar hoto, gara a bar shi.

Akwai hujjoji masu nauyi da za a kawo a kan wannan shawara, kuma ya kamata a dube su da gaske.

Ta farko ita ce tsaro. Tun harin da aka kai yankin raƙuman dawa na Kure a watan Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, baƙi ƴan yawon buɗe ido suka ƙara janyewa, kuma wasu sassan jihohin Dosso da Tawa na fama da ƴan bindiga. Babu mai hankalin da zai ce a loda ɗalibai a mota a kai su inda ba a tabbatar da lafiyar hanya ba. Amma hanya ba dole a buɗe ta gaba ɗaya rana guda ba. Tsakanin Maraɗi, Tasawa da Damagaram, dubban mutane ke kai da komo kullum. Sannan gyaran bango ba ya jiran zuwan baƙo. In aka ce sai zaman lafiya ya dawo ko'ina za a fara, ranar da ya dawo za a tarar da tudun ƙasa a inda fada take.

Ta biyu ita ce talauci. Ƙasar da ke neman hatsi, magani da azuzuwa, me ya kai ta ga kashe kuɗi a kan tsohon soro? Tambayar a kan hanya take, sai dai a duba me gyaran yake ci. Kayan aikinsa tubali ne, jar ƙasa, ciyawa, makuba daga kwasfar ɗorawa da azarar giginya. Ban da azara, wadda ta yi wuya saboda giginya na ƙarewa, duk sauran a kusa ake samun su, kuma kusan kowace jikka da aka kashe tana tsayawa a cikin gari: magini, lebura, mai amalanke, mai ga-ruwa, mai abinci. Lokacin aikin kuma rani ne, daidai sa'ar da samari ke tafiya cin rani don babu abin yi a gida. Ƙasar ta riga ta nuna tana iya tara kuɗi in ta so: bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su, Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017 da Zinder Sabuwa a 2018, sun kawo tituna, fitilu da manyan gine-ginen siminti. Kaso kaɗan na irin wannan kuɗi, in ana ba da shi kowace shekara ba yankewa, ya isa ya riƙe tsoffin unguwanni.

Ta uku daga mazauna take fitowa. Mai gida a Birni wanda ɗakinsa ke yoyo, yana da haƙƙin ya so bulo da kwano, kuma ba daidai ba ne wanda ke kwana cikin siminti a Yamai ya ce masa ya haƙura da ɗigar ruwa don tarihi. Doka kaɗai ba za ta hana shi rushewa ba. Abin da zai hana shi, shi ne ya ga gyaran na da ya fi masa sauƙi: a taimaka masa da magini, a fitar masa da ruwan unguwa ta magudana mai kyau, a yafe masa wani haraji in ya bar fuskar gidansa yadda take. Ya kamata kuma a daina shafa siminti a kan bangon ƙasa da sunan ƙarfafawa. Siminti na kulle danshi a ciki, bangon ya ruɓe ta baya, wata rana ɓawon ya ɓalle da rabin ginin. Tsoffin magina sun san wannan, matsalar ita ce ba a cika tambayarsu ba.

Ta huɗu ta fi sauran laushi. Wasu za su ƙi a ɗaukaka Lugu saboda al'adun gargajiyar da ake yi a can, wasu kuma za su so a ba da labarin sarakuna ba tare da ambaton bayi da hare-haren da aka gina wasu biranen da su ba. Hanyar tarihi ba ta neman kowa ya bi addinin kowa, abin da take nema shi ne a faɗi abin da ya faru. Damagaram ta yi arziki da fataucin Sahara, har ta ƙera igwa a zamanin Tanimu, kuma cikin hajar da ake fita da ita akwai mutane. Maraɗi da Gobir sun shafe shekaru suna yaƙi da daular Sakkwato. Yaron da aka faɗa wa wannan duka zai fi amincewa da labarin Ƙonni da Tirmini in an zo ba shi.

Tun bayan sauyin mulki na 2023, batun ƴanci da mutuncin ƙasa ke bakin kowa. A watan Oktoban 2024 an sauya sunayen wasu tituna a Yamai, titin de Gaulle ya koma na Djibo Bakary, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sauya allon titi aikin yini ɗaya ne. Wanda ke son a san su wane ne suka tari Turawa, sai ya tabbatar fagen da aka yi karon da fadar da aka fito daga cikinta suna nan, ana iya zuwa a gani. Gani ya kori ji.

Aikin da ake buƙata ba mai wuyar fahimta ba ne. Ma'aikatar da ke kula da al'adu, tare da jami'o'in Maraɗi, Tawa, Dosso da Damagaram, su ƙirga gine-ginen da suka rage, a ɗauki hoto da awon kowanne, a rubuta wanda ke cikin haɗari. Ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa za su iya yin wannan cikin hutu guda, su naɗi muryar dattawa tun suna da rai. Kowace ma'aikatar magajin gari da ke kan hanyar ta ware layi a kasafinta domin yaɓe da share magudanu, a kammala kafin watan Mayu. Fadoji su sa rana a shekara, irin ta Jenne, a yi gayya, Sarkin Magina na gaba, a bai wa kowane tsohon magini yara biyu ko uku da ake biya don sana'ar ta samu magada. A kafa alluna a mararrabar Lugu, a Ƙonni, a Maijirgi da Tirmini, da Hausa da Zabarmanci, boko da ajami, sannan Faransanci. Kamfanonin safa, waɗanda ke kunna fina-finai awa goma sha a cikin mota, ba abin da zai rage su in sun saka ɗan bayanin minti biyar kafin a shiga kowane gari. Makarantun da ke kusa kuma su riƙa kai ƴan aji shida fadar garinsu ko sau ɗaya kafin su yi jarrabawa.

Masu zuwa kallo suna nan a gida. Duk shekara kokawar takobi na kwashe dubban mutane daga jiha zuwa jiha, haka bikin Biyanu a Agadas da taron makiyaya na Ingal. Ƴan kasuwar Maraɗi, ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, ƴan uwa daga Katsina, Daura, Kano da Sakkwato masu zuwa biki ko ziyara, duk suna bin wannan titi da kuɗin kwana da na abinci a aljihu. In aka ba su dalilin tsayawa awa biyu a Tsibiri ko kwana ɗaya a Birni, mai masauki, mai tuwo, baduku da yaron da ya iya ba da labari za su ga amfanin tsohon bangon da ke bayan gidansu, kuma daga ranar ba sai an roƙe su su kula da shi ba.

Daga Oktoba zuwa Mayu akwai wata bakwai na rani, lokacin da ƙasa ke bushewa kuma magina ke da sarari. Hukumomin garuruwa na tsara kasafinsu a ƙarshen shekara. Mazauna Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tsibiri, Maraɗi, Tasawa da Damagaram suna da damar su tambayi shugabanninsu tun yanzu: nawa aka ware wa tsohon gari, wane magini aka ba aikin, kuma yaushe za a gama kafin hadari ya taso daga gabas.